Yatsun Inna a Bangon Kantin Sikeli

Yau duk wanda ka tarar a tashar Gaya ya san siminti ba ya zama lafiya da ginin ƙasa. Direbobin da ba su taɓa ɗaga tubali ɗaya ba duk sun zama magina. Sai ka ji mutum yana gyara zaman hularsa yana cewa ai shi tun ranar da aka shafa ya san abin ba zai yi ƙarko ba. Ƙarya suke yi. Ina tsaye a wurin ranar, na kuma ji bakin kowa, babu wanda bai sa albarka ba.

Ni ce Rahinatu, 'yar Alfari mai Kantin Sikeli, kuma a ƙofar ƙarshe ta kantin nake sayar da atamfa tun kafin in yi aure. Kantin yana bakin babban titin da ya nufi gada, kusa da kasuwa. Wani kamfanin Faransawa ne ya gina shi tun ba a yi gadar ba, lokacin da mai zuwa Malanbil ta Benin, a ƙetaren kogi, sai ya shiga jirgin ruwa. Ginin ƙasa ne zalla da azarar giginya, kaurin bangonsa kuwa har mukan kwantar da jariri a kan taga ya yi barcinsa. Gyaɗa da auduga ake aunawa a ciki, kan wani ƙaton sikelin ƙarfe. Sikelin ya daɗe da bin masu sayen tsohon ƙarfe, sunan ne ya ƙi tafiya.

Kakanmu Bawa ɗan dako ne a wurin, shi ke ɗora buhu kan sikelin yana saukewa. Da Turawan suka kwashe nasu ya nasu, shi ya sayi ginin, mutanen gari suna ta yi masa dariya wai ɗan dako ya sayi abin da ya fi ƙarfin wuyansa. Ya raba shi ƙofa huɗu ya zuba 'yan haya. Mai gishiri da kanwa ya zauna, tela ya zauna, an yi mai hoto da labulensa mai zanen jirgin sama, an yi mai wayar tarho ta haya, daga baya mai cajin salula ya gaje shi. Duk abin da Gaya ta yi yayi ya kwana a ɗaya daga ƙofofin nan. Su zo su tafi, abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba, shi ne yaɓe.

Ruwan Gaya ba na wasa ba ne, kuma ginin ƙasa sai da sabuwar riga duk shekara. Idan zafi ya yi zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Baba zai sa a kawo ƙasa a amalanke a zube a lungun da ke gefen kantin. A kwaɓa ta da buntun shinkafa da kashin shanu, a bar ta ta ruɓa har maƙwabta su fara toshe hanci suna yi mana Allah ya isa a ɓoye. Ranar yaɓe kuwa ba mai buɗe ƙofarsa. Tela ya naɗe wando, mai hoto ya tuɓe agogo, kowa ya shiga laka. Baba yana kan tsani yana yin sama, Inna tana ƙasa tana bi da hannu, daga tushe zuwa inda kafaɗarta ta kai.

Inna, Bibata sunanta, 'yar masunta ce daga bakin kogi, Dandanci ne harshenta. Hausarta ta kasuwa ce, har ta koma ga Allah ba ta miƙe ba, ita kuma ko a jikinta. A garinsu mata ne ke shafe ɗaki, don haka ba ta ga dalilin da za ta zauna tana kallon maza suna ɓata bango ba. Tana yarinya ƙayar kifin kurungu ta soke ta a ƙaramin yatsa na hagu, ya warke a karkace. To ita bahaguwa ce. Idan ta ja hannu a kan ɗanyen yaɓe, sai ka ga layi uku suna tafiya tare, na huɗun ya ware gefe yana bin tasa hanyar. Baba yakan leƙo daga kan tsani ya ce, “Bibata, ɗan yatsan ga naki ya sake yin yaji.”

Ita kuma ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, “Kai ka je biko.”

Wata shekara, bayan an gama yaɓe da 'yan kwanaki, zazzaɓi ya kama ta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Aikin ƙarshe da ta yi da hannunta a duniya shi ne bangon gabas, wanda ke cikin lungu.

Da shekara ta zagayo aka kwaɓa ƙasa kamar kullum. Baba ya yi arewa, ya yi yamma, ya yi gaban kanti, ya hau tsani ya yi saman bangon gabas. Da ya sauko daidai kafaɗar Inna sai ya tsaya, ya wanke hannu ya ce an gama. Tela ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi, ya mayar da bakinsa. Tun daga nan kullum da safe Baba ba ya shiga kanti ta titi, sai ya zaga ta lungu. Ya tsaya, ya sa yatsunsa na hagu cikin layukan nan, ya ja su a hankali har inda suka ƙare, har ƙaramin yatsansa ya koyi karkacewa. Sannan ya zo ya buɗe ƙofa kamar ba abin da ya faru. Idonsa ya riga ya fara yana a lokacin, da hannu yake gane yawancin abubuwa.

Matsalar ita ce bangon gabas shi ne ke karɓar ruwa. In ya yaɓe wurin, ya shafe hannunta da nasa hannun. In ya bari, ruwa ya shafe masa. Ya jingina zana, awaki suka cinye. Ya kafa leda, iska ta tafi da ita Benin ko Najeriya, Allah masani. Ya jingina tsohon kwano, wani ɗan albarka ya ga ya dace da rufin bayan gidansa. Kowace damina layukan suna ƙara dushewa, bangon yana ramewa a wurin, har ya yi ciki kamar kwarya.

Na yi faɗa da shi, ba sau ɗaya ba. Ni ba na iya ganin abu in yi shiru, haka Allah ya yi ni. Na ce, “Baba, bangon ga shina ramewa. Wata rana kanmu za ya sauka.”

Ya ce, “Na sani, ɗiyata.”

“To a yaɓe shi.”

“Ke za ki yaɓe?”

Ni ma ba zan iya ba. In na wuce ta lungun kawar da kai nake yi, kewar Inna ba ta bar ni in kalli wurin sosai.

Ana haka ƙanena Yazidu ya zo babbar salla. Shi yana Kwatano, yana da manyan motoci biyu da ke jigilar kaya daga bakin teku zuwa Yamai, kuma Allah ya buɗa masa. Yaro ne mai son iyaye, ba zan rage masa wannan ba. Ya ga Baba da furfurarsa a kan tsani, ƙafa na rawa, sai da ya juya baya ya share ido. Da yamma muna zaune a gaban kanti ya kawo maganar siminti.

Ya ce, “Baba, ka bari in sa a shafe kantin ga duka da siminti. Ka huta da tsani, ka huta da laka.”

Baba ya ce, “Da na gabas?”

“Shi ne ma dalili. Ruwa na cin shi, Baba. Bana da saura, baɗi ban sani ba. In an rufe, ba abin da ka taɓa shi kuma.”

“In an rufe ba ni jin ta.”

Yazidu ya sunkuyar da kai ya ce, “Amma tana nan ciki. Ka san tana nan.”

Washegari Baba ya daɗe a lungu fiye da kullum, har rana ta ɗaga masu saye suka fara tambayar ko lafiya. Da ya fito ya ce wa Yazidu, “A rufe. Gara in san tana ciki da in tsaya ina jin tana ƙarewa.”

Mutari magini aka kira, mutumin kirki, ya yi masallatai ya yi gidajen alhazai. Yadda suke yi shi ne su sassare fuskar bango, su kafa ƙusoshi, don simintin ya sami abin kamawa. Baba ya gindaya sharaɗi ɗaya, ba za a sa ƙarfe a hannun Bibata ba. Mutari ya ce ba komai, zai kwaɓa na wurin da ruwa-ruwa ya lallaɓa shi a hankali. Haka aka yi. Baba ya ja yatsunsa cikin layukan sau ɗaya, ya matsa gefe, Mutari ya ɗora cokali. Aka bi da fenti shuɗi, aka rubuta KANTIN SIKELI da manyan baƙaƙe a goshi.

Ku zo ku ga Gaya a ranar. Liman ya yi addu'a, 'yan kabu-kabu suna tsayawa suna ɗaukar hoto, tsofaffi suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irin Yazidu. Wasu masu ginin ƙasa a layin suka tafi gida suna jin haushin nasu 'ya'yan. Ni kaina na yi guɗa har muryata ta dushe. Waɗannan mutanen ne fa yau suke cewa sun sani.

Yaɓe ya ƙare daga shekarar. Lokacinsa ya zo, ba wari a lungu, ba tela da naɗaɗɗen wando, Baba yana zaune kan benci yana juya hannuwansa kamar baƙo a gidan suna. Amma zagayen safe bai fasa ba. Yakan ɗora tafin hannu a kan simintin, daidai wurin, ba ya kuskure ko da ɗan yatsa. A hankali wurin ya yi duhu a jikin shuɗin fentin. Wata rana na ɗauko soso zan wanke, na tsaya na dube shi, na mayar da soson cikin bokiti.

Damina biyu muka yi lafiya lau. A ta uku atamfofina suka fara warin sanyi. Wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa a gindin bango ta ciki, in share yau, gobe ya dawo. Muka ce indararo ne, aka gyara indararo. Muka ce lambatun titi ne, muka zagi ma'aikatan magajin gari son ranmu. Yara suka gano cewa in an buga bangon gabas yana amsawa kamar ganga, suka mayar da shi abin wasa, ina korarsu da tsintsiya. Ba wanda ya kawo komai a ransa, don daga waje kantin yana nan fes, ya fi kowane gini kyau a layin.

Lokacin ne kuma aka rufe iyaka da Benin, aka rufe gada. Motoci suka yi layi a ƙetare har inda ido ba ya kai, na Yazidu suna ciki. Kasuwa ta mutu, 'yan haya biyu suka mayar da makulli, saura ni da tela. Kowa na fama da abin da zai sa a baki, wa ke ta bango?

Abin da ke faruwa, wanda sai daga baya muka gane, ɗan ƙaramin tsagu ne a can saman rawanin ginin, bai kai kaurin zare ba. Ta nan ruwa ke shiga. Da can in ruwa ya daki bangon da safe, kafin la'asar rana ta shanye shi. Yanzu ya shiga ba shi da hanyar fita. Shekara da shekaru ƙasar tana jiƙe a cikin rigar siminti, tana narkewa a tsaye, mu kuma muna yi mata fenti.

Ranar da abin ya faru an tashi da ruwa tun asuba, bai tsagaita ba har wajen azahar. Baba yana gida, na hana shi fitowa. Ina zaune ina ninke atamfa sai na ji wani sauti a cikin bango, shuu, kamar ana juye gero a buhu. Na kasa kunne, ya tsaya, ya sake. Ban san abin da ya ɗaga ni ba. Na fita a guje ba takalmi, na finciko tela daga kan kekensa yana ta mita wai zan yaga masa aikin mutane. Muna isa tsakiyar titi bangon gabas ya tafi. Bai yi wata ƙara ta a zo a gani ba, zama kawai ya yi, kamar tsohuwar da ta gaji. Simintin ya ɓare falle-falle ya kifa cikin lungu, abin da ke bayansa kuwa kunu ne.

Ba wanda ya ji ciwo. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ni ma na faɗa, kuma har zuciyata. Amma na san wanda zan je in gaya wa.

Ban kai gida ba na gamu da shi a hanya, labari ya riga ni. Yana tafe da sandarsa cikin yayyafi, ba hula. Bai tambaye ni komai ba. Ya wuce taron mutane ya shiga lungu, ya laluba da sanda inda bango ya kamata ya tare shi, sandar ta wuce. Sai ya durƙusa cikin lakar da rigarsa fara, yana cusa hannu yana ɗagowa, ƙasar tana zubewa ta tsakanin yatsunsa. Ruwa na jan ta zuwa lambatu, lambatu na kai ta kogi. Na tsuguna kusa da shi na ce, “Baba, tashi mu tahi.”

Ya ce, “Bari in duba nan kuma.”

Na bar shi ya duba. Zuciyata ta karye a wurin nan fiye da ranar da aka fita da Inna, don a ranar Baba ne ya riƙe mu.

Yazidu ya tsallako da kwalekwale washegari. Ya zo ya durƙusa a gaban Baba a zaure, ya kasa haɗa ido da shi, duk da ya san idon ba ya gani. Ya ce, “Baba, ni na ja.”

Baba ya ce, “Ni na ce a rufe. Ka ci abinci?”

Bai ci ba, kuma bai ci ba har dare. Mutanen magajin gari suka zo suka duba, suka ce azara ta saki, sauran bangon ma duk ganga ne, dole a sauke ginin kafin ya sauka kan wani. Ba mu yi gardama ba. Kantin da ya ga zamanin jirgi, ya ga gada, ya ga rufe gada, leburori suka gama da shi kafin mako ya zagayo. Azarar giginyar kuwa ko gara ba ta taɓa ba, masu saye suna ta zuwa taya.

Yazidu ya tuɓe rigarsa ta alhazai ya shiga cikin leburori, ba wanda ya iya hana shi. Shi ya ɗauki lungun. Ina tsaye ina kallo yana ɗaga fallayen siminti yana jefawa a amalanke, sai na ga ya ɗaga wani ya tsaya. Faɗinsa bai wuce faifai biyu ba. A bayansa shuɗin fenti ne da duhun tafin hannun Baba. Ya juya shi, ya ce da ni, “Yaya, miƙo buta.”

Na zuba ruwa yana wanke lakar da hannu. Simintin nan da Mutari ya kwaɓa da ruwa-ruwa ya bi kowane layi ya kwanta, ya bushe da siffarsa. Ga su nan, uku suna tafiya tare, na huɗun ya ware. Yazidu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni kuwa farin ciki ne ya kama ni, irin na wawaye, na ce ɗauko mu kai masa.

Muka same shi a zaure kan tabarma. Yazidu ya jingina fallen a gabansa, ya kama hannunsa ya ɗora. Baba ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Na ga lokacin da ya iso ga ɗan yatsan, don numfashinsa ya tsaya.

Ya ce, “Bibata ce.”

Sai ya gyara zama, ya miƙa hannun hagu yadda ya saba, ya buɗe yatsu zai sa a ciki. Ba su shiga ba. Inda da rami ne yanzu tudu ne, yatsunsa suka zame suka faɗa gefe. Ya sake gwadawa. Ɗan yatsan da ke warewa hagu yanzu dama ya nufa, nasa da ya koyi karkacewa ya tafi shi kaɗai. Ya gwada da hannun dama, shi kuma bai san hanyar ba. Muna zaune muna jin ƙarar farcensa a kan siminti.

Can ya janye hannun ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Wanga bayan hannunta ne. A da cikinsa nike taɓawa.”

Yazidu ya ce, “Baba, in ɗauke?”

“A'a. Bar shi nan.”

Yana nan har yau a zaure, jingine kusa da butarsa. Filin kantin an share, Yazidu ya ce in hanya ta buɗe zai yi na bulo, Baba ya ce ya yi duk yadda ya gani. Ni na koma rumfa a cikin kasuwa da atamfofina. 'Yan kabu-kabu har yanzu in ka ce su kai ka Kantin Sikeli za su kai ka, su sauke ka a gaban fili.

Kullum da safe in zan fita nakan wuce shi a zaure. Ya idar da lazimi, ya jawo fallen gabansa, ya miƙa hannun hagu. Ya san ba zai shiga ba, ni ma na sani. Ina sa takalmi a hankali don kada ya ji ni, in fita in bar shi yana gwadawa.